Fargabar Jarrabawa da Damuwar Maki: Ina Tushen Matsalar, Ina Mafita?

A watan Mayun 2025 hukumar JAMB ta fitar da sakamakon jarrabawar shiga manyan makarantu, nan take ƙasa ta ɗauki zafi. Cikin ɗalibai kusan miliyan 2 da suka zauna, fiye da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Bayan 'yan kwanaki shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya bayyana gaban 'yan jarida yana hawaye, ya amsa cewa tangarɗar na'ura ta lalata sakamakon ɗalibai kusan dubu 380 a Legas da jihohin kudu maso gabas, kuma za a sake musu jarrabawar. Kafin a kai ga wannan iƙirari, an riga an sha kuka a gidaje da yawa, yara sun sha faɗa a kan laifin da ba nasu ba, har jaridu suka ruwaito cewa wata matashiya a Legas ta hallaka kanta saboda baƙin cikin makin da ta gani.

Wannan lamari ya fito da abin da ya daɗe yana cin ɗalibai a ɓoye. Mun ɗora wa lamba ɗaya nauyin da ya fi ƙarfinta. Da ita muke auna ƙoƙarin yaro, da hankalinsa, da tarbiyyarsa, da mutuncin gidansu, da ko zai zama wani abu gobe. Yaron da ya san duk wannan na rataye a kan awa biyu ko uku a zauren jarrabawa dole gabansa ya faɗi. Don haka faɗa masa ya daina tsoro ba ya magance komai. Abin da zai taimake shi shi ne a fahimci inda tsoron ya samo asali, a koya masa shirin da ke rage shi, a kuma sauke masa wani ɓangare na kayan da aka aza masa.

Ƙofar da ta yi ƙunci

Tsoron ɗalibin Najeriya yana da dalili. Tun yana babbar sakandare ake nanata masa cewa sai da kiredit biyar a WAEC ko NECO, kuma shekara da shekaru Turanci da Lissafi ne suka fi tare mutane a hanya. A wasu jihohi, kamar Kano, akwai jarrabawar kwalifayin da ke tantance waɗanda gwamnati za ta biya wa kuɗin jarrabawar ƙarshe, wanda bai tsallake ba kuma sai iyayensa su nemo kuɗin ko ya haƙura. Daga nan sai JAMB, darussa huɗu a kan kwamfuta, sai tantancewar jami'a, sai jiran gurbi. Masu nema sun ninka guraben da jami'o'in gwamnati ke da su, musamman a fannin likitanci da lauya da injiniya. A Nijar ma haka ɗalibi ke kwana da tunanin jarrabawar BEPC da BAC, yana lissafin yadda zai kai maki 10 cikin 20.

Wanda ya samu shiga jami'a bai huta ba. Mafi yawan jami'o'inmu suna aiki da ma'aunin maki 5: daga 4.50 zuwa sama daraja ta ɗaya, daga 3.50 babbar daraja ta biyu, daga 2.40 ƙaramar daraja ta biyu, daga 1.50 daraja ta uku. Kamfanoni da masu ba da tallafin karatu da dama sukan ce ba sa duba takardar da ta gaza babbar daraja ta biyu. Shi ya sa za ka ga ɗalibi yana lissafin GP ɗinsa, wato matsakaicin makinsa, har a bayan littafi, kalmar kari-oba kuwa, wato maimaita darasin da aka faɗi, ta zama dodo. Ga yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU, wanda a 2020 ya cinye kusan wata 9, a 2022 ya cinye wata 8. Da an dawo sai a matse zangon karatu, a kwararo lakca da tes a jere, jarrabawa ta riski ɗalibi bai gama narkar da abin da aka ba shi ba.

A kan wannan akwai nauyin da ba a rubuta shi a kowace takarda. Akwai wanda shi ne na farko a zuri'arsu da ya taka jami'a, an sayar da amfanin gona ko ɗan bijimi aka biya masa rajista, duk dangi sun zuba masa ido. Akwai yarinyar da aka gaya mata ƙarara cewa in ta faɗi, karatu ya ƙare, aure za a yi mata. Akwai matar aure mai goyo da ke haɗa girki da reno da handawut. Akwai ɗan ƙauyen da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ranar JAMB. Sannan kusan dukkansu suna tunani da Hausa ko Fulatanci ko Barbarci, ana tambayarsu da Turanci ko Faransanci, ta yadda mutum zai san amsa amma kalmomin furta ta su ƙi zuwa.

Matsalar ba tamu ce mu kaɗai ba. A binciken PISA na 2015, wanda ƙungiyar OECD ta gudanar a kan 'yan shekara 15, kashi 66 cikin 100 na ɗaliban ƙasashen ƙungiyar sun ce suna damuwa da samun maki mara kyau, kashi 55 kuma sun ce hankalinsu kan tashi sosai gab da jarrabawa ko da sun shirya da kyau. Wannan adadi na biyu shi ne abin lura, domin ya nuna cewa fargaba ba alamar ragwanci ba ce. Hatta haziƙin ɗalibi yakan yi fama da ita, saboda shi aka fi sa wa rai.

Abin da ke faruwa a jiki da ƙwaƙwalwa

Idan mutum ya hango haɗari, jikinsa kan saki sinadaran adirenalin da kotisol. Zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya yi sauri, tafin hannu ya jiƙe, baki ya bushe, ciki ya murɗa. Allah ya halicci wannan tsari don mutum ya tsere wa abin da zai cutar da shi, sai dai jiki ba ya bambanta maciji a hanya da takardar tambayoyi a kan tebur. Duk abin da zuciya ta ɗauka barazana ce, haka zai amsa masa.

Wannan tashin jiki yana da amfani in bai wuce kima ba. Tun a 1908 wasu masana biyu a Amurka, Robert Yerkes da John Dodson, suka lura a gwajin da suka yi da ɓeraye cewa aiki mai wuya ya fi koyuwa idan matsin ya kasance matsakaici, in ya yi tsanani kuma koyon ya lalace. Ɗalibin da ba ya jin komai game da jarrabawa ba zai buɗe littafi ba. Ɗan tsoron nan ne ke tashe shi da asuba. Matsala tana farawa ne lokacin da tsoron ya kai matakin da zai hana karatun da ya kamata ya haifar.

A 1967 masu bincike Liebert da Morris sun raba fargabar jarrabawa gida biyu: tashin jiki, da saƙe-saƙen zuci. Binciken da ya biyo baya ya nuna saƙe-saƙen ne suka fi cin maki. Dalili kuwa shi ne akwai wani ɗan sashe na tunani da mutum ke riƙe abubuwa a cikinsa na ɗan lokaci yayin da yake warware tambaya, kuma ba shi da faɗi. Kamar farantin mai talla ne: in an cika shi da "me zan gaya wa Baba", da "kowa ya fi ni", da "na shiga uku in na faɗi", ba sauran wurin da za a ɗora lissafin da ake nema. Wannan ne sirrin abin da ɗalibai ke kira ɗaukewar kai. Karatun yana nan bai gudu ba, shi ya sa da an karɓi takarda aka fito waje sai amsoshin su riƙa dawowa ɗaya bayan ɗaya.

Magungunan da ke ƙara ciwo

Hanya ta farko da tsoro ke tura ɗalibi ita ce gudu. Littafin da ya fi ba shi tsoro shi ne wanda ba ya son buɗewa, sai ya ɗauki waya, ya shiga TikTok ko WhatsApp, ya ce anjima. Zuciya takan ɗan yi sanyi na minti kaɗan, amma aikin yana ƙara taruwa, tsoron yana ƙara girma. Mutane kan kira wannan lalaci, alhali sau da yawa fargaba ce ta ɓuya a bayansa.

In jarrabawa ta matso sai a koma kwanan zaune, abin da 'yan jami'a ke kira TDB, wato karatu har gari ya waye. A cika ciki da shayi mai kauri da kofi da goro da lemon ƙarin kuzari. Sinadarin kafin da ke cikin waɗannan yakan yi awanni a jiki, yana ƙara bugun zuciya da rawar hannu, waɗanda su ne ainihin alamomin fargaba. Babbar asarar kuma ita ce barcin da aka bari, domin a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke daidaita abin da aka koya da rana ta adana shi. Masana lafiya suna ba matashi shawarar barcin awa 8 zuwa 10, baligi kuma awa 7 zuwa 9. Wanda ya sayar da barcinsa don ƙarin shafi goma yakan shiga zaure da kai mai nauyi, ya kasa tuna ko abin da ya sani tun farkon zango.

Mafi muni shi ne ƙwaya. Binciken da aka gudanar a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 14.3, masu shekara 15 zuwa 64, sun yi amfani da wani nau'in kayan maye a shekarar da ta gabaci binciken. A 2018 ɗin ce gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin. Wasu matasa sun fara taɓa tiramadol ne da sunan samun ƙarfin karatu ko kwantar da hankali, wani aboki ya miƙo musu ana saura kwana biyu jarrabawa. Jarrabawar ta wuce, ƙwayar ba ta sake su ba.

Sai kuma satar amsa, da cibiyoyin da ake biya kuɗi a rubuta wa yaro. Wasu iyayen da kansu ke kai 'ya'yansu, suna ganin taimako ne. Yaron da aka saya wa kiredit tara ya san a ransa cewa ba nasa ba ne. Yana shiga aji ɗaya na jami'a fargabarsa ta ninku, domin yanzu yana tsoron faɗuwa, yana kuma tsoron asirinsa ya tonu.

Karatun da ke rage tsoro

Babu abin da ke kwantar da hankalin ɗalibi kamar ya tabbatar wa kansa cewa ya iya. Yawancinmu kuwa an bar mu da hanyar karatu da ba ta ba da wannan tabbaci: a maimaita karanta handawut, a ja layi a ƙarƙashin jimloli, har shafin ya zama sananne ga ido. Sanin ido daban, iya fito da abu daga kai daban, kuma na biyun ake tambaya a jarrabawa.

A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke na Jami'ar Washington da ke St. Louis sun ba ɗalibai wani rubutu. Wasu suka yi ta maimaita karanta shi, wasu kuma suka karanta suka rufe, suka rubuta abin da suka tuna. Bayan mako guda, masu rufewa su gwada kansu sun fi tuna abin nesa ba kusa ba, duk da cewa masu maimaitawar sun fi jin cewa sun iya. Tun kafin su, a 1885, Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a awannin farko bayan koyo, kuma bitar da aka rarraba a kwanaki ta fi wadda aka tara a zama ɗaya.

Wanda ya taɓa zama a makarantar allo ya san wannan a aikace. Almajiri ba ya wanke allonsa sai ya biya wa malam da ka. Mai hadda ba ya barin abin da ya haddace ya kwana da yawa ba tare da tilawa ba, kullum yana da sabon karatu yana da tsohon da yake zagayowa. Alarammomin da ke rubuta Alƙur'ani sukutum da ka sun kai wannan matsayi ne ta hanyar fito da karatu daga ƙirji kowace rana na tsawon shekaru. Abin mamaki, ɗalibin da ya san wannan tsari a tsangaya ko Islamiyya yakan ajiye shi a ƙofar makarantar boko.

A aikace abin ba shi da wuya. Bayan kowace lakca, a ranar, ɗalibi ya rufe littafi ya rubuta abin da ya tuna a farar takarda, sannan ya buɗe ya ga inda ya bari. Ya sake haka bayan kwana biyu ko uku, ya sake bayan mako. Ya nemi tambayoyin shekarun baya ya amsa su da agogo a gabansa, ba tare da leƙe ba. Mai shirin JAMB ya yi rajistar jarrabawar gwaji da hukumar ke shiryawa, ko ya samu wurin da zai saba da kwamfuta, don kada ranar ta zama farkon haɗuwarsu. Ya samu abokai biyu ko uku su riƙa koyar da juna, ko da Hausa ne, domin abin da mutum ya iya bayyanawa da harshensa ya shige shi, sai dai ya ƙarasa da rubuta amsar da harshen da za a tambaye shi. In aikin ya yi masa yawa har ya rasa ta ina zai fara, ya yanko ɗan ƙarami, shafi uku ko tambaya biyar, ya ba shi rabin awa waya tana nesa da shi. Farawar ce ke karya tsoron. Bahaushe ya ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Daren jarrabawa da safiyarta

Daren ƙarshe na bita ne mai sauƙi da barci. A shirya biro da katin shaida da takardar shiga tun da dare, a san inda cibiyar take da yadda za a je. Da safe a ci wani abu ko kaɗan ne. A ƙofar zaure a nisanci taron masu tambayar "ka karanta kaza?", domin ba abin da suke ƙarawa sai ruɗani.

Idan zuciya ta fara dukan uku-uku, numfashi ne linzamin da ke hannun mutum. Ya ja iska a hankali ta hanci, ya sake ta a hankali fiye da yadda ya ja, sau biyar ko shida. Fitar da numfashi a tsanake yana rage bugun zuciya. Yana kuma da amfani ɗalibi ya sauya fassarar da yake yi wa abin da yake ji. Jeremy Jamieson da abokan aikinsa sun wallafa wani gwaji a 2010 inda aka gaya wa wasu ɗalibai cewa tashin jiki kafin jarrabawa na iya taimaka musu, sai suka fi takwarorinsu ƙoƙari a sashen lissafi. A 2011 kuma Gerardo Ramirez da Sian Beilock na Jami'ar Chicago sun nuna cewa ɗalibai masu yawan fargaba da suka ɗauki minti 10 suna rubuta damuwarsu a takarda kafin a fara sun samu maki mafi kyau. Damuwar da aka sauke a takarda tana barin wa tunani fili.

In an raba tambayoyi, a karanta umarni sau biyu, a fara da wadda aka fi sani. Amsa ɗaya da ta zauna daidai takan buɗe sauran. In kai ya ɗauke a wata tambaya, a tsallake ta a dawo daga baya. Bayan an fito kuma a bar takardar da ta wuce, a fuskanci ta gobe.

Bayan an kafe sakamako

Ranar da aka kafe sakamako a allon sanarwa ko aka saka shi a intanet ita ce ranar da ɗalibi ya fi buƙatar natsuwa, kuma a ranar ce tunani ya fi yi masa ƙarya. Yakan ce "ni daƙiƙi ne", alhali abin da ya faru shi ne ya faɗi darasi ɗaya. Yakan ce "shi ke nan rayuwata ta lalace", alhali lissafi bai ce haka ba. Ɗauki ɗalibin da ya gama shekarar farko da 3.00 a kan yunit 30, wato jimillar maki 90. In ya samu 4.00 a kan wasu yunit 30 a shekara ta biyu, ya ƙara 120. Idan aka raba 210 da 60 za a samu 3.50, ya shiga babbar daraja ta biyu ke nan tun a ƙarshen shekara ta biyu. Zama a yi wannan lissafi da biro ya fi kwana ana juyi.

Wanda bai haɗa kiredit ba yana da jarrabawar masu zaman kansu ta WAEC da ta NECO, kuma makarantu da yawa suna karɓar sakamakon zama biyu a fannoni da dama. Wanda JAMB ta ƙi masa yana da jarrabawar IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da ita, da makarantun share fage irin ta Funtuwa, da kwalejojin ilimi da na kimiyya da fasaha waɗanda daga cikinsu ake shiga jami'a kai tsaye a aji biyu, da Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa. Kowane gari yana da malamai da ma'aikatan lafiya da 'yan kasuwa masu rufin asiri da suka bi ta waɗannan hanyoyi. Ɗalibin da ya san ƙofa ba ɗaya ba ce yakan shiga zaure da sauƙin zuciya, kuma wannan sauƙin kansa yana ƙara masa maki.

Faɗuwa tana da zafi, bai kamata a hana mutum jin zafinta ba. Amma bayan kwana biyu sai a tambayi abin da za a iya gyarawa: rashin fahimtar darasin ne, ko ƙarancin lokaci, ko Turancin tambayar, ko rashin lafiya, ko yunwa? Kowanne da maganinsa. In ɗalibi yana da hujjar cewa an yi kuskure a makinsa, makarantu suna da hanyar neman a sake dubawa, ya bi ta ta hannun kodinetan ajinsu ko shugaban sashe.

Rabon gida da rabon makaranta

Yawancin ɗalibai sun fi tsoron fuskar iyayensu fiye da takardar sakamako. Uban da ya sha wahala ya biya kuɗin makaranta yana da haƙƙin ya so ganin amfanin guminsa. Sai dai kalamai irin su "dubi ɗan gidan Alhaji wane", ko "ka ja mana abin kunya", ko "asarar kuɗi kawai", ba su taɓa ƙara wa yaro fahimtar Lissafi ba. Abin da suke koya masa shi ne ɓoyewa. Haka ake samun ɗalibin da aka kora daga jami'a ya ci gaba da zama a hostal shekara guda yana karɓar kuɗin abinci, don ba zai iya buɗe baki ya faɗa a gida ba. Barin kashi a ciki kuwa ba ya maganin yunwa.

Uwa tana iya cewa, "Zo nan 'yata, na ga sakamakon, na san ranki ya ɓaci. Ci abinci tukuna, gobe ma zauna mu ga inda matsalar take." Uba yana iya cewa, "Ɗana, na ga ƙoƙarin da ka yi. Faɗa mini gaskiya, me ya fi ba ka wuya?" Wannan ba shagwaɓa ba ce, domin ana iya biyo shi da tsari mai tsauri na karatu da rage waya. Bambancin shi ne yaron ya san matsayinsa a gida bai dogara da lamba ba. Yana da kyau iyaye su yaba aikin da suka gani da idonsu, su rage wa mai jarrabawa aikace-aikacen gida da talla a makonnin ƙarshe, musamman 'ya'ya mata, su kuma daina tilasta likitanci a kan yaron da zuciyarsa da basirarsa suke wani fanni.

Makaranta ma tana da nata. Malamin da ke shiga aji ranar farko ya ce ba mai samun A a darasinsa yana shuka tsoro ne, ba ilimi ba. Kafe sakamako da sunaye a bainar jama'a, da kiran na ƙarshe a aji a gaban taro, da jibge tes uku a rana ɗaya, duk abubuwa ne da za a iya gyarawa ba tare da an kashe ko sisi ba. Ƙananan gwaje-gwaje masu yawa a tsawon zango, waɗanda ake mayar wa ɗalibi da gyara, sun fi jarrabawa guda mai yanke hukunci. Ofisoshin ba da shawara da ke manyan makarantu da yawa suna buƙatar ƙwararru da sirri, a kuma sanar da sababbin ɗalibai inda suke tun makon farko.

Lokacin da abin ya zama ciwo

Fargabar da ta zo da jarrabawa ta tafi da ita abu ne na kowa. Amma idan mako biyu ko fiye suka wuce mutum ba ya iya barci, ba ya cin abinci, ya daina jin daɗin abin da yake so a da, ya ƙaurace wa mutane, ko yana samun farmakin tsoro da toshewar numfashi kamar zai mutu, to abin ya wuce a ce masa ya yi haƙuri. In kuwa ya fara cewa gara ya mutu ya huta, ko a wasa ya faɗa, kada a bar shi shi kaɗai, kada a yi masa tsawa, a saurare shi a kai shi ga likita a ranar. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Kware da Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano, asibitocin koyarwa kuma suna da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa. Asibitin cikin makaranta ma wurin farawa ne. A Janairun 2023 aka sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta amince da haƙƙin masu irin wannan lalura na samun kulawa cikin mutunci. Ganin likitan ƙwaƙwalwa ba ya nufin mutum ya haukace.

A al'ummarmu akan danganta irin wannan hali da sammu ko kambun baka ko raunin imani. Addu'a da salla da karatun Alƙur'ani suna sanyaya zuciyar mumini, haka ibada take ga ɗalibi Kirista, kuma babu mai hankalin da zai raba ɗalibi da su. Tawakkali na gaskiya ma babban magani ne ga fargabar maki, domin yana raba abin da ke hannun bawa da abin da ba ya hannunsa: shiri nasa ne, sakamako na Allah ne. Amma addinin da ya koyar da tawakkali shi ne ya yi umarni da riƙo da sababi da neman magani. Gaya wa yaron da ke cikin ciwon damuwa cewa imaninsa ne ya yi rauni ƙara masa wani laifin ne a kan wanda yake ɗora wa kansa.

Gyaran tsarin ilimi, da ƙara gurabe, da kawo ƙarshen yajin aiki, aiki ne na hukuma da zai ɗauki shekaru, kuma wajibi ne a ci gaba da matsa mata. Ɗalibin da zai zauna jarrabawa a wannan zango ba zai jira su ba. Abin da ke hannunsa shi ne ya fara da wuri, ya riƙa gwada kansa, ya kare barcinsa, ya guji ƙwaya, ya faɗa wa wani idan abin ya fi ƙarfinsa. Abin da ke hannun iyaye da malamai shi ne su tabbatar masa, tun kafin sakamako ya fito, cewa komai ya nuna za a zauna tare a nemi mataki na gaba. Yaron da ya samu wannan tabbaci ya fi iya karatu, ya fi iya faɗin gaskiya in ya faɗi, kuma ya fi saurin miƙewa ya sake gwadawa.